Yadda ake kare tsoho daga faɗuwa a hanyar makewayi da dare

Wani dare cikin hunturu, saura kamar awa ɗaya a kira assalatu, ƙarar buta ta tashe ni. Na fito na tarar da mahaifinmu zaune a ƙasa tsakanin ƙofar ɗakinsa da makewayi, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan can gindin turmi, wandonsa a jiƙe. Na ce, "Baba, mi as same ka?" Ya ce, "Ba komi, santsi na." Sai da na kama shi muka koma ɗaki, sannan ya riƙe hannuna ya ce, "Hitsari na yam matse ni. Kak ka hwaɗa ma kowa." Allah ya tsare bai karye ba. Amma a ranar na gano fitarsa ta huɗu ke nan a daren, kuma ya fi shekara yana fama, mu da muke gida ɗaya da shi ba mu sani ba.

Idan tsoho ya faɗi a Sakkwato mukan ce tsufa ne, ko jiri ne, wani lokaci ma a ce iskar banɗaki ce ta buge shi. Da wuya a tambayi abin da ya fito da shi cikin duhu yana sauri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa a ciki. Cikin masu shekara 65 zuwa sama, kusan ɗaya cikin uku yana faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara. Matsalar fitsari tana cikin abubuwan da ke jawo wannan, domin tana haɗa wa tsoho abu huɗu a lokaci guda: magagin barci, duhu, gaggawa, da jirin tashi farat ɗaya. Kowannensu yana da gyara. Ga yadda muka bi, da abin da likitoci suka koya mana a hanya.

Da farko a san da matsalar

Dattijo ba zai kira ɗansa ya ce fitsari yana kufce masa ba. Tsohuwa kuwa gara ta wanke zanenta da kanta kafin gari ya waye da surukarta ta gani. Saboda haka ku za ku lura. Wanda bai saba rasa jam'i ba ya fara salla a ɗaki. Gwaggon da ba ta wuce suna da biki ta fara cewa ƙafa. An ba shi ruwa da yamma ya ture. Ɗaki ya fara zarni, ko turare ya yi yawa ba dalili. Rana tsaka sai gyangyaɗi, domin dare bai samu barci ba.

Wanda zai buɗe maganar a zaɓe shi da kyau. Namiji ga namiji, mace ga mace, kuma ban ga wanda ya kai jika iya wannan aiki ba, saboda wasan da ke tsakaninsa da kaka yana ɗauke nauyin baki. Kada a yi a gaban mutane, kada a fara da "Ashe fitsarin kwance kake yi?" A shiga ta ƙofar barci: "Baba, kana samun kwana kuwa? Sau nawa kake tashi?" Daga nan sauran za su biyo. A faɗa masa a sarari cewa wannan ciwo ne kamar hawan jini, yana da dalili, kuma mafi yawansa ana samun sauƙi.

Rubutun kwana uku

Kafin a je asibiti, a samo littafin makaranta da biro, da gorar ruwa da aka yanke wa baki wadda aka san awonta. Kwana uku a jere a rubuta lokacin da ya sha wani abu da yawansa (ledar ruwa ɗaya rabin lita ce, a yi awo da ita), lokacin da ya yi fitsari da kimanin yawansa, sau nawa ya tashi tsakanin kwanciya da asuba, da ko ya kufce kafin ya isa. Idan ya kufce, me yake yi a lokacin: tari, atishawa, ɗaga buta, ko hanya ce ta yi masa nisa?

Tashi sau ɗaya da dare ba baƙon abu ba ne ga mai shekaru. Daga biyu zuwa sama ne barci ke lalacewa, haɗarin faɗuwa ya ƙaru. Wannan rubutu yana raba wa likita hanya. Idan fitsarin dare ya wuce kashi ɗaya cikin uku na duk abin da ya fitar a yini da dare, jikin ne ke tara ruwa ya sake shi da dare. Idan kaɗan kaɗan ne amma a kai a kai, zancen yana ga mafitsara ko abin da ya tare ta. Idan mai yawa ne dare da rana ga ƙishirwa, a fara tunanin ciwon suga.

Gyaran hanya, yau ba gobe ba

Wannan mataki ba ya jiran likita, kuma a nan na fi so a daɗe. Bayan isha'i ka kashe fitila, ka kwanta a shimfiɗar tsohon, ka tashi ka bi hanyarsa zuwa makewayi kamar yadda yake bi. Ni da na yi haka na ƙirga taku ashirin da uku, da dokin ƙofa, da bakin tabarma da ya naɗe, da igiyar shanya daidai wuya, da turken akuya, da kwatar da ruwan wanke wanke ke bi. Duk ina wuce su da rana ban taɓa ganinsu ba.

A kwashe duk abin da ke kan hanyar kafin magariba, a mayar da wannan aikin yaro ɗaya takamaimai. Tabarma da darduma a naɗe su. Dokin ƙofa idan ya yi tudu a sa birkila ya kwantar da shi, ko a shafa masa farin fenti ido ya riƙa kama shi. Haske kuwa kada a dogara da wutar NEPA. Ƙaramar fitilar sola ko mai caji guda biyu, ɗaya a bakin ƙofar ɗaki, ɗaya a makewayi, a bar su a kunne har asuba. Tocila tana da amfani amma tana cinye hannu ɗaya, ga buta a ɗayan, to da me zai dafa bango? Shi ya sa butar ma a cika ta a kai makewayi tun da yamma. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Cikin makewayin, gansakuka ita ce babbar abokiyar gaba. A kankare ta da burushi duk mako, a gyara inda ruwa ke kwanciya. Masu tayil su sani tayil mai sheƙi idan ya jiƙe ya fi daɓen siminti haɗari nesa ba kusa ba, a shimfiɗa masa tabarmar roba mai kama ƙasa. A sa mai walda ya lanƙwasa fayif na ƙarfe a kafa a bango da siminti, ɗaya gefen masai, ɗaya bakin ƙofa. Idan ginin ƙasa ne, bango ba zai riƙe ba, sai a haƙa rami a kafa ƙarfe ko itace mai ƙwari. Sakatar ciki a cire ta, ko a yi wadda za a iya buɗewa daga waje.

Tsuguno ga mai ciwon gwiwa wahala ne, tashi daga tsugunon kuma nan ne jiri ke ɗibar mutane. Kafinta ko mai walda zai iya yin kujera mai rami a tsakiya, mai hannuwa biyu, tsayinta kamar santimita 45, yadda tafin ƙafa zai taka ƙasa sosai. A ɗora ta kan masai. Kada a huda kujerar roba, tana zamewa kuma tana tsagewa.

Abin da ya fi komai rage haɗarin shi ne a soke tafiyar dare ɗungurungum. A ajiye bokiti mai murfi ko fo a gefen gado, ƙarƙashin irin waccan kujera, namiji kuma gora mai faɗin baki ta ishe shi. Baba ya ƙi da farko, ya ce shi ba jinjiri ba ne. Abin da ya sa ya yarda shi ne na ɗauki alkawarin ni kaɗai zan riƙa zubarwa, kafin kowa ya tashi. A zuba ɗan ruwa da Izal ko Dettol a ciki saboda wari.

Sai gado da sutura. Katifa a ƙasa tana da wuyar tashi, gado mai tsayi sosai kuma yana da wuyar sauka. Daidai shi ne ya zauna a baki ƙafafunsa suna ƙasa. Gidan sauro a soke shi yadda gefen fita zai buɗe da hannu ɗaya. Wando mai zariya a mayar da shi mai roba, domin ƙullin da ya ƙi kwancewa ya sha jiƙa dattawa a bakin masai. Zane da jallabiya kada su ja ƙasa. Silifas da gindinsa ya cinye a jefar, a sayo takalmi mai kama dunduniya. Kwagiri a sa masa roba a ƙasa, a jingine shi inda hannu zai kai daga kwance. Lokacin zafi, daga Maris zuwa Mayu, idan aka koma kwana a tsakar gida, hanya ta canja, sai a sake bin ta daga farko.

Yadda zai tashi, da yadda zai yi da matsuwa

Jinin tsoho ba ya saurin hawa kai idan ya miƙe, balle mai shan maganin hawan jini. A koya masa tashi hawa uku. Ya juya gefe ya zauna a bakin gado, ya motsa ƙafafu kamar mai taka keken ɗinki, ya yi kamar minti ɗaya. Ya miƙe yana dafe da wani abu, ya tsaya ya ƙirga goma. Idan ido bai yi duhu ba, sannan ya taka. Mun haɗa wa Baba zaman da addu'ar tashi daga barci, ya zama ba ya mantawa.

Idan fitsarin ya taso da ƙarfi, abin da zuciya ke cewa shi ne a ruga, alhali gudu yana ƙara matsa mafitsara. Sauri ya haifi nawa. Ya tsaya cik ko ya zauna, ya matse naman riƙe fitsari kamar mai riƙe tusa sau biyar ko shida da sauri, ya ja numfashi a hankali. Matsuwar takan lafa cikin ɗan lokaci, sai ya tafi da tafiyarsa ta kullum. Namiji ya yi a zaune, kada ya tsaya, kuma bayan ya gama ya ɗan jira kaɗan ya sake gwadawa, sau da yawa akwai saura.

Ruwa: a sauya lokaci, kada a hana

Kuskuren da kusan kowane gida ke yi shi ne hana tsoho ruwa, ko shi ya hana kansa. A garin da zafi ke wuce digiri 40, wannan ganganci ne. Ƙarancin ruwa yana kawo jiri, da taurin bayan gida, da fitsari mai kauri da ke ƙona mafitsara ya ƙara matsuwar da ake gudu. Ya sha kimanin lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, fiye da haka a bazara, sai fa idan likitan zuciya ko na ƙoda ya ƙayyade masa. Mafi yawa ya sha daga safe zuwa la'asar. Awa biyu ko uku kafin kwanciya sai kurɓi kawai. Fitsari ruwan ɗorawa mai haske alama ce ruwan ya isa.

Shayi, kofi, lemun kwalba mai baƙi da goro duk suna ɗauke da sinadarin da ke tsokanar mafitsara ya kuma kore barci. Ban ce a raba dattijo da goronsa ba, amma daga la'asar a ajiye. Furar dare da kunu da kankana a dawo da su rana. A rage gishiri da dunƙulen magi a miyar dare. Idan ƙafafunsa suna kumbura da yamma, ruwan nan ne ke komawa jini idan ya kwanta ya zama fitsarin dare, don haka bayan la'asar ya kishingiɗa ya ɗora ƙafafu kan matashi biyu na kamar awa ɗaya, ruwan ya fita kafin barci. Taurin bayan gida ma yana danne mafitsara, sai a yawaita zogale, alayyafo, wake da gwanda. Da azumi kuwa duk ruwan yini yana komawa dare, ga tarawihi ga tashin sahur, saboda haka a ninka kula, kuma mai suga ko mai shan maganin da ke sa fitsari ya ga likita tun cikin Sha'aban.

Jakar magunguna da zuwa asibiti

A tattara duk abin da yake sha a leda ɗaya: na asibiti, na kemis, na gargajiya, har wanda maƙwabci ya ba shi. Wasu magungunan hawan jini da na zuciya, irin su Lasix da Moduretic, aikinsu ke nan su fitar da ruwa, idan aka sha da dare an sayi tashi. Amlodipine yana kumbura ƙafar wasu. Piriton, Valium da amitriptyline suna sa magagi da tangaɗi, wasunsu da wasu magungunan mura suna iya riƙe fitsarin namiji gaba ɗaya. Kada a tsayar da ko ɗaya da ka. Likita ne zai sauya lokaci ko ya canja wani. Masu yawo da lasifika a kasuwa suna tallar maganin sanyi da na mafitsara kuwa, ina roƙo a bar su, ba a san abin da ke cikin gorar ba, kuma ƙodar tsoho ba ta da ƙarfin gwaji.

A tafi da ledar da littafin kwana uku. A fara da asibitin da ke kusa, inda za a auna fitsari, a auna suga, a auna jini yana kwance sannan yana tsaye. Ga maza, abin da ya fi yawa shi ne kumburin furostet, wani ƙullutun nama da ke kewaye da bututun fitsari a ƙasan mafitsara, yana girma da shekaru ya matse hanya. Alamarsa jinkirin farawa, fitsari ba ƙarfi, yankewa, ɗiga bayan an gama, da jin kamar bai ƙare ba. Likita zai duba da yatsa ta dubura, wataƙila ya sa a yi hoton ciki da awon jini na PSA, wanda ke nuna halin da furostet ke ciki. A sanar da dattijo wannan tun a gida don kada ya ji an ci masa mutunci. Akwai likitocin mafitsara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, can ake tura wanda abin nasa ya yi nisa. Idan aka ba shi tamsulosin, maganin da ke sassauta hanyar fitsari, a sani yana sa jiri musamman kwanakin farko, a tsaya kusa da shi a lokacin.

Ga mata, yawan haihuwa da ɗaukewar al'ada suna sassauta naman da ke riƙe mafitsara, wani lokaci mahaifa ta zazzago. Wannan daban yake da yoyon fitsari na bayan doguwar naƙuda, wanda ake yi wa aiki a Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, amma duk wadda fitsari ke zubo mata ba tsayawa dare da rana a kai ta a duba. A nemi a duba ido ma, domin yanar ido tana mayar da ɗan duhu ya zama baƙi ƙirin.

Akwai abubuwan da ba a kwana da su. Fitsari ya ƙi fita sam, mara ta kumbura tana ciwo: a tafi a daren, roba za a sa a fitar. Jini a fitsari ko da sau ɗaya ne, ko babu zafi, musamman ga wanda ya tashi a bakin ruwa wajen Goronyo, Wurno ko Kware ya yi tsargiya yana yaro, domin tsohuwar tsargiya tana iya zama sanadin dajin mafitsara. Zazzaɓi da ciwon kwiɓi. Ruɗewa ta farat ɗaya, tsoho ya kasa gane mutanen gida ko ya riƙa sambatu, wadda sau da yawa ƙwayar cuta ce ta shiga jiki, ba iska ba. Da kuma rashin ƙarfin ƙafa ko mutuwar ɓarin jiki tare da kufcewar fitsari.

Motsa jiki da salla

Naman riƙe fitsari yana ƙarfi idan ana aiki da shi. Ya matse kamar mai riƙe tusa, ya ƙirga biyar, ya saki ya ƙirga biyar, sau goma, sau uku a yini, ba tare da riƙe numfashi ba. Sai an yi kamar wata uku ake ganin amfani sosai, don haka a haɗa shi da abin da ba ya wucewa, kamar zaman lazimi. Ga ƙafa, ya zauna kan kujera mai ƙwari ya tashi sau goma, safe da yamma, wani yana kusa. Tattaki zuwa masallacin unguwa da rana kada a hana shi saboda tsoro, kwanciya ce ke cinye ƙafar tsoho. Ya riƙa zagawa duk awa biyu zuwa uku ko bai matsu ba, na ƙarshe dab da kwanciya.

Damuwar Baba mafi girma ashe tsarki ne, ba faɗuwa ba. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin mai salasul bauli: wanda ɗigar ke lazimtarsa rabin lokaci ko fiye, ba ta karya masa alwala, an dai so ya sabunta idan ba wahala. Wanda ba ya iya tsayuwa kuma ya yi salla a zaune. A kai shi wurin malamin da ya yarda da shi ya ji da kunnensa. Alwalar asuba a kai masa ruwan ɗumi da tasa cikin ɗaki, ya yi a zaune kan kujera. Famfas na manya da leda a kan katifa suna da amfani ga dare ko doguwar tafiya, a riƙa canjawa da wuri ana shafa man kaɗanya ko basilin saboda fata.

Idan duk da haka ya faɗi

Kada a fizge shi ta hammata. A durƙusa kusa da shi, a yi masa magana, a rufa masa zane. A tambayi inda ke ciwo. Idan ƙugu ko makwancin cinya ne, ko ƙafa ɗaya ta fi guntu ta juya waje, ko ya kasa ɗaga ta, a ɗauka karaya ce. Kada a sa shi ya taka, a ɗora shi kan ƙyaure ko faifan katako, mutum uku ko huɗu su ɗauka zuwa asibiti. Na san darajar masu ɗori a garin nan, amma karayar kwatangwalon tsoho aiki take so cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma watannin kwanciya kan kawo gyambon baya, ciwon huhu da daskarewar jini. Idan ya bugu a kai, ko ya suma, ko yana amai, ko yana shan maganin tsinka jini irin su aspirin da warfarin, a kai shi ko ya ce lafiyarsa lau, kuma a lura da shi makonni bayan haka, domin jini yana iya taruwa a kai a hankali.

Idan ba inda ke ciwo sosai kuma yana cikin hayyacinsa, a kawo kujera mai ƙwari. Ya mirgina gefe, ya yi rarrafe, ya dafa kujerar da hannu biyu, ya kafa ƙafar da ta fi ƙarfi, ya ɗago ya juya ya zauna. Naka riƙe kujera da tallafa masa a ƙugu. Ya huta, a ba shi ruwa, a canja masa kaya ba tare da an tara masa mutane ba. Da gari ya waye a buɗe littafin nan a rubuta ƙarfe nawa ya faɗi, a daidai ina, me ya sha da daren, da ko jiri ya ji ko tuntuɓe ya yi, a kai wa likita cikin makon.